Numfashi Ashirin da Biyu

Tun da ido ya juya wa Baba baya
ni ce idonsa, shi ya riƙe kunne.
Shagonmu na bayan gidan mai, a Kentaki,
inda kogi ke lanƙwasa kamar ya yi mantuwa.
Kwarkwaron fatsa ɗari da tara bisa kanta,
kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya.

Ba ya tambayar launi.
Sai dai ya ce, "Lurline, miƙo."
Ya aza a tafi, ya ji nauyi,
ya shinshina, don tsohon mai da irin warinsa,
ya murza mariƙin sau ɗaya, ya sake,
ya kara kunne yana ƙirga numfashi
har juyin ya mutu don kansa.
"Sha huɗu. Mai gyaran agogo ne ya yi wannan.
Da magagari ya fitar da haƙoran,
ɗaya bayan ɗaya, a hasken taga."

Ranar Alhamis, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Delphia Combs ta shigo, takalminta na ɗiga,
ta zaro wani daga cikin safa.
Na kakanta ne, in ji ta. Rufin gidanta na yoyo,
an kuma ce mata sunan da ke jiki
yakan sa masu gwanjo gyara zama.

Tagulla ce, ta yi duhu kamar zumar bara,
mariƙin ƙaho, ya lotsa wurin babban yatsa.
Na ɗauko gilashi, na karanta sunan a fili.
Baba bai ko motsa ba.
"Akwai karce kusa da rubutun?"
Akwai, na ce, dogo.
"Duba da kyau. Karcen ne ya bi ta kan harafi,
ko harafin ne ya hau kan karce?"
Na duba har idona ya kawo ruwa.
Harafin ne a sama.
Ashe sai da abin ya tsufa a bakin kogi
kana wani ya buga masa sunan aro.

Matar ta fara naɗe safarta.
"Dakata," in ji Baba. Ya murza.

Mu uku muka yi tsit.
Ruwa na dukan kwano, firji na gurnani,
ƙarƙashinsu wani siririn amo
kamar sauro a ɗaki na uku.
Sha huɗu ta wuce. Sha takwas.
Na ga leɓensa na rawa.
Ashirin da biyu.

"Kwance shi," ya ce, muryar ta dushe.
Noti uku, babu biyu masu kai iri ɗaya.
A bayan faifan, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba,
an zana ɗan kifi da tsinin allura,
bakinsa buɗe. Ba suna, ba shekara.
Na ɗora yatsan Baba a kai.
Ya daɗe yana shafawa.

"Sunan jabu ne, 'yata, aikin ba jabu ba ne.
Ban san mai shi ba. Shekara hamsin ina wannan,
ban san shi ba.
Kasuwa kuwa suna take saye.
Ba zai rufe miki ko kicin ba."
Ya taya da abin da ke akwatinmu duka.
Ta dubi kuɗin, ta dubi kifin,
ta ce a mayar mata da notinta.

Da tsakar dare na ji motsi a shago.
Ba fitila, me zai yi da ita?
Yana bin kanta daga farko,
murza, shiru, ajiye,
murza, shiru, ajiye.
Ina kwance ina taya shi ƙirga.
Wajen asuba ɗaya ya kai sha bakwai.